Tsatsa Mai Birki da Motar Ƙanwarsa

Ba uwarsa ce ta raɗa masa Tsatsa ba. 'Yan gareji ne suka laƙaba masa tun yana saurayi, suka ce bakinsa ko ƙarfe ya taɓa sai ya cinye shi. Da farko ya yi ta faɗa a kan sunan, har ya fasa wa wani mai walda leɓe. Daga baya da ya ga sunan yana sa mutane shakkarsa, sai ya rungume shi, har ya sa aka rubuta a allon rumfarsa da jan fenti: Tsatsa Mai Birki.

Gajere ne kakkaura, wuyansa kamar an ɗora kai a kan kafaɗa kai tsaye. Mahaifinsa direba ne, ya so ya yi boko, shi kuwa ya gudu gareji, aka yi duka, aka yi lallashi, aka gaji aka ƙyale shi. Bai taɓa kula inji ba, bai taɓa kula wayar wutar mota ba, birki kawai ya sa a gaba, kuma ya iya. Mutum zai kawo masa mota ya sha zagi tun daga kan yadda yake taka birki har zuwa irin takalmin da ke ƙafarsa, ya tafi yana rantsuwar ba zai sake dawowa ba. In birki ya sake yin sanyi sai ka gan shi ya dawo, kansa a ƙasa.

Garejin fili ne da aka kewaye da kwano, ƙasarsa ta yi baƙi ƙirin da man inji, ramin duba ƙarƙashin mota ɗaya, famfo ɗaya a tsakiya. Rumfar Tsatsa tana hagu in ka shigo. Shekaru yana shi kaɗai mai birki a wurin, sai wani matashin makanike ya zo ya kama rumfar da ke kallon tasa. Wannan yana sa rigar aiki wankakkiya, yana sa safar hannu, har kujera yake ajiye wa masu mota. Tsatsa ne ya fara kiransa Gayu don raini, sunan kuma ya bi shi. Sun yi faɗa a kan famfo, sun yi a kan rami, sun yi a kan rediyo. Gayu ba ya ɗaga murya, murmushi kawai yake yi, wannan murmushin kuwa shi ya fi ƙona wa Tsatsa rai.

Tsatsa yana da ƙanwa, autar gidansu, kowa Auta yake ce mata. Ya girme ta nesa ba kusa ba, a kafaɗarsa ta yi wayo. Abin da ya raba su mota ce. Mahaifinsu yana da wata tsohuwar doguwar mota mai buɗaɗɗen baya, Tsatsa ne ke kula da birkinta tun tana sabuwa, kuma a ransa ya gama ɗauka tasa ce. Da ciwo ya kwantar da tsohon, Auta ce ke kai shi asibiti a cikinta tana dawo da shi. Wata rana a gaban kowa ya miƙa mata makullin ya ce, "Ke za ki ci abinci da ita. Yayanki yana da sana'a."

Tun daga ranar Tsatsa bai sake yi mata dariya ba. Auta ta kama sarin ƙwai daga wata gonar kaji da ke saman tudu a bayan gari, tana rarraba wa shaguna. In birki ya yi ƙara ta kawo masa, ya gyara, yana gyarawa yana yi mata tas, ta inda yake shiga ba ta nan yake fita ba. Tana haɗiyewa saboda mahaifiyarsu, Inna, wadda ta tsufa kuma ba ta son jin an ce 'ya'yanta sun yi cacar baki.

Birkin baya na motar irin na da ne, wanda makanikai ke kira diram: wani kwanon ƙarfe ne a rufe, takalman birki suna ciki, in an taka sai su buɗe su goge shi. In ruwa ya shiga kwanon sai ya ɗan jima bai fita ba. A hanyar Auta kuwa akwai wani kwari da ruwa ke kwanciya duk damina, daga shi sai gangara. Wata safiya ta ratsa ruwan da kaya cike da baya, ta hau gangarar ta taka birki, motar ta ci gaba da sulalewa kamar ba da ita ake ba. Da ƙyar ta tsaya, hancin motar a jikin kurar wani mai tura ruwa. Mutumin ya saki kurar ya zauna a ƙasa yana salati.

Ko kayan ba ta sauke ba ta wuce gareji. Ta sami Tsatsa a kwance ƙarƙashin wata mota.

"Yaya, ina kwana. Yau saura kaɗan in kashe mutum."

"Ai na daɗe ina jira," ya ce daga ƙasa.

Ta ba shi labari. Ta ce ta ji ana iya cire diram na baya a sa dis, irin na gaba, faifan ƙarfe a fili wanda ake matsewa ta gefe biyu, ruwa na taɓa shi yana zubewa. Ta ce so take ya yi mata.

Ya turo kansa waje, ya dube ta sama da ƙasa. "Wa ya zuga ki?"

"Ba wanda ya zuga ni. Raina nake ji."

"Baba ya tuƙa motar nan har ya tsufa da diram ɗin nan, bai taɓa buge ko kaza ba. Sai ke, mai ƙwai, za ki gyara wa waɗanda suka ƙera ta aikinsu? In kin fito daga ruwa ki ɗan dinga taka birki ya bushe, ko jaki aka koya wa zai iya. Ba birki ne ya lalace ba, direba ce ba ta da kai."

Masu walda da mai faci suka tsaya suna kallo. Auta ta ji kunya ta rufe ta, sai kunyar ta koma fushi.

"Za ka yi ko ba za ka yi ba?"

"Ko za ki mutu a tsaye ba zan yi ba."

Ta juya ta dubi rumfar da ke can tsallake. Tsatsa ya ga inda idonta ya nufa, ya tashi zaune.

"In kika taka rumfar can, kada ki sake kirana Yaya."

"Kai ka faɗa," ta ce, ta tsallaka fili.

Gayu ya karɓe ta da kujera. Ya ce aiki ne mai yiwuwa, zai nemo kayan daga wurin masu sayar da kayan tsofaffin motoci, akwai ƙanwar motar da ta fito da dis gaba da baya. Washegari ya ɗaga bayan motar a kan jak, daidai inda Tsatsa ba zai iya ɗaga kai bai gani ba.

Tsatsa ya ce ko kallo aikin bai ishe shi ba, amma babu ƙusar da aka kwance bai gani ba. Ya ga an zare kwanonin da shi da hannunsa ya sha gogewa, an watsar da takalman da sifirin ɗinsu a cikin bokiti. Ya ga an ɗaura faifai, an ɗaura abin matse su. Wayar birkin hannu ba ta kai ba, Gayu ya yi ta zirga-zirga har ya samo doguwa, Tsatsa ya yi dariya da ƙarfi don a ji. Aka zuba sabon man birki, aka fitar da iska, Gayu ya fita gwaji ya dawo yana ɓata fuska. Birkin baya bai kama yadda yake so ba.

A ƙarƙashin motar, a kan bututun man birki, akwai wani ɗan bawul da bai fi babban yatsa ba. Aikinsa rage ƙarfin da ke zuwa tayoyin baya, don kada su riga na gaba kamawa. Gayu ya dube shi ya ce ai wannan na diram ne, shi ke shaƙe aikin. Ya kwance shi, ya haɗa bututun kai tsaye, ya wurgar da bawul ɗin ya gangara har gindin famfo. Ya sake fita gwaji, ya dawo yana murmushi. Mota tana tsayawa cak.

Da Tsatsa ya je wanke hannu sai ya tsinci bawul ɗin a cikin laka. Ya juya shi a tafinsa. Ya san abin da ke tafe sarai. A busasshen titi da kaya a baya, ba wanda zai gane komai. Ranar da aka yi ruwa kuma baya ba kaya, aka taka birki da ƙarfi, tayoyin baya za su ƙame, gindin motar ya juyo ya wuce kanta. Ya goge bawul ɗin a jikin wandonsa ya jefa aljihu.

Da yamma a gida yana cin abinci ya kasa yin shiru, ya gaya wa matarsa, yana dariya har da buga cinya. Matar ba ta yi dariya ba.

"To ka gaya mata mana."

"Ni? Ta zo ta tambaye ni."

"Ta yaya za ta tambayi abin da ba ta sani ba? Ƙanwarka ce fa."

"Tana da sabon yaya mai safar hannu. Kawo min ruwa."

Ranar da Auta ta zo ɗaukar motar, Tsatsa ya tsaya a bakin rumfarsa, hannunsa cikin aljihu yana murza bawul ɗin. A ransa ya yanke: in ta gaishe shi, ko da ɗaga hannu ne, zai kira ta ya faɗa mata. Ta wuce ta gabansa kamar ta wuce turken wuta. Ta zagaya motar tana leƙa faifan da ke ƙyalli ta cikin taya, ta yi wa Gayu godiya da murya mai ƙarfi, ta shiga ta tayar. A bakin ƙofa ta danna hon sau ɗaya, shi ma na Gayu ne. Tsatsa ya tofar da yawu ya koma aikinsa. Ya ce a ransa shi dai ya ba ta dama.

Aka ɗan sami kwanaki ba ruwa. Auta ta yi ta yabon birkin, har a ɗakin Inna ta ce tunda take ba ta taɓa jin motar a hannunta haka ba. Maganar ta dawo kunnen Tsatsa, ya ce, "Madalla."

Sai ruwa ya sauko wata rana da hantsi. Auta ta gama rarraba ƙwai, bayan motar ba komai sai kiret-kiret na banza. Tana kan babban titi wani mai babur ya yanko mata ba zato. Ta taka birki iya ƙarfinta. Bayan motar ya ƙame ya juyo, motar ta yi juyi a tsakiyar titi ta je ta maku da turken siminti ta gefen direba. Hannunta na hagu ya karye a wuri biyu, gilashi ya yanke ta daga kunci zuwa haɓa.

Tsatsa ya je asibiti. Ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin, ya ga fuskarta a kumbure tana barci. Ya tsaya har ƙafarsa ta gaji, sannan ya juya bai shiga ba. A hanya ya yi ta zagin Gayu a fili, har mutane na waiwayensa. Kafin ya kai gida ya gama shirya lamarin a kansa: laifin Gayu ne daga farko har ƙarshe, kuma sai ya tona masa asiri a gaban kowa.

An jawo motar an ajiye a gareji, gefenta a lotse. Bayan an sallami Auta ta zo ganinta, hannu a ɗaure rataye a wuya, ɗinki a fuska. 'Yan gareji suka kewaye ta da sannu. Gayu ya kawo kujera, ya durƙusa yana bayani, murmushin nan ya ɓace. Ya ce titi ne ya yi santsi, tayoyin baya kuma sun ɗan suɗe, tsautsayi ne.

"Ƙarya kake!"

Tsatsa ne ya ratso taron yana ture mutane. Ya zaro bawul ɗin ya ɗaga sama yadda kowa zai gani.

"Wa ya san wannan? Kai mai safar hannu, ka gane shi? Wannan shi ke hana baya riga gaba kamawa. Ka cire shi ka jefar kamar bawon gyaɗa saboda ba ka san aikinsa ba. Mota ba kaya, titi a jiƙe, me kake jira in ba juyi ba? Ba titi ba ne, ba taya ba ce, jahilcinka ne! Ni ina ganin ka cire shi na san sai an kwashi wani a titi!"

Ya juya yana duban fuskoki, yana jiran a yi wa Gayu ihu. Ba wanda ya yi ihun. Mai faci ya sunkuyar da kai. Gayu ya yi tsuru-tsuru, gumi na keto masa, amma ba shi mutane ke kallo ba.

Auta ta miƙe a hankali. Ɗinkin ya sa ba ta iya buɗe baki sosai, don haka maganar ta fito ƙasa-ƙasa.

"Tun yaushe abin nan yake aljihunka?"

"Tun ranar da wannan sakaran ya jefar da shi."

"Ranar da na zo ɗaukar motar yana aljihunka?"

"Yana nan."

"Kana tsaye a can, kana kallona na shiga na tafi?"

Sai a lokacin Tsatsa ya ji ƙasar da yake tsaye a kai ba ta da ƙwari. Amma bakinsa ya riga kansa, kamar kullum.

"Kin gaishe ni?"

Wani daga cikin masu walda ya ce, "Innalillahi." Auta ta dube shi, ta daɗe tana dubansa, ba hawaye, ba zagi. Sannan ta juya ga Gayu ta ce, "Kai ka yi kuskure, kuma kai za ka gyara ta." Ta fita daga garejin, mutane suna buɗa mata hanya.

Gayu bai yi musu ba. Ya bi ta har gida ya ba da haƙuri, ya ɗauki gyaran gaba ɗaya a kansa, ya je ya tambayi waɗanda suka fi shi sani, ya samo bawul da ya dace da dis ya ɗaura. An ɗan yi masa tsiya, aka manta. Tsatsa ne ba a manta da shi ba. Mai shayi ya daina kawo masa har rumfa. In ya zo famfo sai hira ta mutu. A gida matarsa takan ajiye masa abinci ta fita tsakar gida, in ya yi magana ta ce, "Ai ban gaishe ka ba, kada in mutu ban sani ba."

Inna ta aika aka kira su biyun. Ɗakinta ƙarami ne, gado ɗaya, tabarma, da warin man zafi. Auta ta zauna kusa da ƙofa, Tsatsa ya zauna can jikin bango, kowa na kallon wani wuri daban.

"Ni na haife ku," Inna ta ce. "Kai, ba ta haƙuri. Yanzu, ina ji."

Tsatsa ya yi gyaran murya. Ya murza hularsa. "Ki yi haƙuri," ya ce wa tabarma. Da ya tsaya nan da watakila an wuce wurin. "Amma Inna, a duba. Da ta ji maganata tun farko ta bar diram ɗin nan, da duk haka ba ta faru ba. Na ce mata kada ta je. A gaban mutane ta tsallake ni ta tafi wurin maƙiyina. Kuma motar nan, in gaskiya za a bi, tun asali ba ita ya kamata..."

Auta ta dafa bango da hannunta mai lafiya ta miƙe.

"Inna, kin ji dai da kunnenki. Ki yafe min, ni na tafi."

"Auta, zauna."

"Zan dawo gobe in ba ya nan."

Ta fita. Inna ta juya ta dubi ɗanta, kansa ya fara furfura, har yanzu bakinsa a buɗe yake da sauran magana.

"Tashi ka ba ni wuri," ta ce.

Hannun Auta ya ɗoru, amma bai sake ɗaguwa sama da kafaɗa ba. Ta ci gaba da sarin ƙwanta a motar, sai dai ta nemi wanda ke loda mata. Ita da yayanta suna haɗuwa in an yi rashi ko haihuwa a dangi, ta gaida na damansa ta gaida na hagunsa. Gayu ya sami wuri mafi girma a bakin titi ya tashi. Motoci masu diram suka yi ta raguwa, masu jure zagi ma haka.

Tsatsa yana nan a rumfarsa, gwiwa ta fara ba shi wahala, kwanciya ƙarƙashin mota sai da nishi. In ya sami baƙon mai mota wanda bai san shi ba, yakan ba shi labarin yadda ya taɓa kunyata wani makanike ɗan ƙarya a gaban gareji guda, da ɗan bawul da bai fi yatsa ba. Yana ba da labarin da daɗi, yana kwaikwayon yadda Gayu ya yi gumi. Kwanan baya wani dattijo ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Ita mai motar fa? Ka ce ƙanwarka ce?"

"Tana nan," Tsatsa ya ce. "Miƙo min sifanar can, ka kuma ɗauke ƙafarka daga kan wayata."